Na Sa Masa Cokali a Kofi

Masu turo min saƙo kullum kuna tambaya, "Tomke, yaushe ne bikin? Tomke, wace irin riga kika zaɓa?" To ku gyara zama. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakina cikin ledarta, fara sol, da ƙananan maɓallai tun daga ƙeya har ƙugu. Zoben ne babu a yatsana. Ni na cire shi da hannuna ranar Lahadi, a gaban iyayena.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga gidanmu a taƙaice. Gonar dawaki ce a bayan ganuwar da ke tare ruwan teku, inda iska ba ta san hutu ba. Papa, wato Eilert Wiemers, da hannu aka san shi a duk yankinmu. In masu gasar rawar dawaki suna hira suka ce "hannun Eilert", nufinsu hannun da doki ba ya ma sanin an riƙe shi. Tun ina 'yar mitsitsiya a kan kuru karatunsa ɗaya ne: hancin doki a gaba yake zama, don doki ya ga inda za shi, kuma doki ɗan shekara huɗu yaro ne, ba a yi masa gaggawa. Masu janyo haɓar doki har ta taɓa ƙirjinsa, abin da ake kira Rollkur, mu a gida naɗin wuya muke ce masa, Papa ko gaisuwarsu ba ya amsawa. Na taɓa ganin ya tashi daga teburin alƙalai a tsakiyar gasa saboda wata mata ta shigo fili da dokinta a naɗe.

Sai ga ni na je na kwaso Onno.

Onno dogo ne kamar falwaya, mai jan gashi da dariyar da ake ji daga barga har kicin. A ƙauyen da ke gaba da namu aka haife shi, amma don ya yi 'yan shekaru yana hawa a wata babbar barga a Holland, inda naɗin wuya ba abin kunya ba ne, Papa ya laƙaba masa "ɗan Holland". Mama kuwa, Gesine, ta fi ni son sa. Ya gyara mata famfo, ya cinye kek ɗinta har gutsure, shi ke nan ya gama da ita. Tun kaka take bina: "A yi bikin nan kafin yankan ciyawa, Tomke. Me ake jira?" In na ce sai baɗi, sai ta ɓata rai kamar na zage ta. Ban taɓa gane dalilin wannan gaggawar ba.

Ranar da Onno ya sa min zobe, sharaɗi ɗaya na gindaya masa. Na ce, "Duk ranar da na ga haɓar dokina a ƙirjinsa ta dalilinka, ranar zan mayar maka da wannan." Ya yi dariya ya ce, "Ashe da ke da babanki zan aura." Ni ba wasa nake yi ba, kuma ya sani.

Dokin nawa kuwa Amsel ce, goɗiya baƙa wuluk, shekararta huɗu. Da hannuna na janyo ta daga cikin uwarta. Tana da wata ɗabi'a da nake mutuwar so: in mun gama aiki na sakar mata igiyar linzami a hankali, sai ta miƙa wuya gaba da ƙasa tana tauna ƙarfen, hanci a gaba, ta yi wani dogon furrr kamar tsohuwar da ta cire takalmi. Alƙalai ma suna neman wannan a gasar ƙananan dawaki, don a nan ake gane dokin da ya yarda da hannun mahayinsa. Amsel ba a koya mata ba, haka ta taso.

Duk sanyin bana a Hannover na yi shi, ina ƙarasa kwas ɗin tausar dawaki. Na bar Amsel a hannun Papa a kan za a dinga zagayawa da ita a doguwar igiya kawai, sai ɗan yawo a gona. Onno kuma yana leƙowa ya taya shi aiki. Kullum sai na tura saƙo.

"Ya Amsel?"

"Tana ci tana sha," in ji Onno.

"Turo min bidiyonta tana aiki."

"Wayata ba caji, gimbiya. Sai kin dawo."

Mutumin da ke turo min hoton duk kazar da ta tsallaka titi, shi ne wata da watanni ba caji. Ni kuma karatu ya sha min kai ban tsaya tunani ba.

Ranar Asabar na dawo. Na tarar Papa ya tara gemu, shi da tun da nake ban taɓa ganinsa da gashi a haɓa ba. Ya kuma daina sa rigunansa masu maɓalli, sai wata koriyar falmaran mai zif, hannun dama a aljihu. Na tsokane shi na ce ko ya shiga 'yan jirgin ruwa ne. Ya yi murmushi ya rungume ni da hannu ɗaya.

Lahadi bayan mun ci abincin rana na sa farin wandon hawa da dogayen takalmana, na ɗaure gashi, na ce zan hau Amsel.

"Ki bari sai gobe," Papa ya ce da sauri. "Ta gaji."

"Gajiyar me, Papa? Yawon gona?"

Ya kawar da kai. Na fita ina 'yar waƙa.

Amsel ta gane ni, ta sa hanci a aljihuna tana neman karas. Na ɗaura sirdi, na hau. Likkafa ta yi min gajarta, na sauke ta huda ɗaya ba tare da na kawo komai a raina ba. Muka shiga fili.

Tun a sassarfar farko na ji wani abu ba daidai ba. Ƙafafun gaba suna tashi sama, tashin da zai sa 'yan kallo tafi, amma bayanta a sandare yake a ƙarƙashina. Kuma babu kowa a hannuna. Wanda ya taɓa hawa ya san abin da nake nufi: igiyar tana hannunka, amma can ƙarshenta babu bakin da ke amsa maka. Na leƙa sai na ga ƙeyarta ta lanƙwashe, wuyan ya naɗe. Na ce ƙila ɗoki ne, mun daɗe ba mu haɗu ba. Na mayar da ita tafiya, na fara sakar mata igiya kaɗan kaɗan ina jiran furrr ɗin nan nawa.

Shiru.

Na ƙara saki. Na saki har igiyar ta zube a wuyanta, maɗaurin kawai ke tsakanin yatsuna. Jama'a, Amsel ba ta miƙa wuya ba. Haɓarta na manne da ƙirjinta, babu mai riƙe da ita, babu mai janta. Haka ta zagaye filin nan kaf, miyau na ɗiga a ƙirjinta, tana juya ido sama tana neman ganin gabanta.

Ban san lokacin da na diro ba. Na sa hannu a bayan muƙamuƙinta, naman wurin ya yi tauri, ta zabura da na taɓa. Na buɗe gefen bakinta na ga ya saɓule, ja jawur. Na durƙusa na leƙa tsakanin ƙafafunta na gaba, gashin wurin ya goge, layi biyu. Abu ɗaya ne a duniya ke barin wannan tabon: igiyar zarge, wadda ake ɗaurawa a majayin sirdi, a bi da ita ta zoben linzami ta dawo hannun mahayi, ko yaro ne ya ja sai kan doki ya sauko. A gidanmu ba a taɓa ajiye ta ba, ko ta ado.

Nan na zauna daɓas a cikin yashi da farin wandona. Kuka ma ya ƙi zuwa. Amsel ta tsaya a kaina, kanta a naɗe har lokacin.

Ina fitowa daga barga motar Onno na shigowa. Ya fito da shuɗiyar rigar ulun da na saƙa masa, wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da furanni a hannu.

"Moin, gimbiya!" ya yi min gaisuwar yankinmu. "Wa ya jefa ki a yashi?"

Ya buɗe bayan motar zai ɗauko takalmansa na cikin gida, don Mama ba ta yarda a taka mata daɓe da na barga. A nan na gan ta, a naɗe a gefen tayar safaya. Igiyar zarge, ta fata, ta sha aiki har ta yi laushi, da baƙin gashi maƙale a jikinta.

Ya ga na gani. Fuskarsa ta canja.

"Tomke, tsaya..."

"Mama na jira," na ce. Da ya juya, na zare ta na cusa a cikin rigata.

Shayin Lahadi a gidanmu ba a wasa da shi. Mama ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu, ta fito da kofunan kakata, siraran nan masu zanen jar fure, buta na kan ɗan murhun kyandir. Ta sa wa kowa dutsen sukari, ta zuba shayi yana ƙas-ƙas, ta zagaya kirim a bakin kofi. Ba a juyawa, kowa ya sani. Cokalin aikinsa ɗaya ne: in ka ƙoshi ka sa shi a kofinka, mai gida ta daina zuba maka. Kuma babu ɗan arzikin da ke sa shi kafin kofi na uku. Amma Papa ko kurɓa bai yi ba, da hannun hagu ya ɗauki cokalinsa ya sa a kofi.

"Cikina ne," ya ce.

Mama ta fara nata. "Na yi magana da fasto. Asabar ta biyu a watan Yuni babu kowa a coci. Onno, ka ce wa mamanka..."

"Onno," na katse ta, muryata har da zaƙi, "tuna min mana. Me ka ce amfanin naɗin wuya?"

Ya ajiye kofinsa. "Yau kuma?"

"Yau nake son ji."

"Na sha faɗa miki. Ni ban ce a ɗaure doki awa guda ba. Na ce in gwani ya sauke wuyan na ɗan lokaci ya sake, bayan dokin yana buɗewa. 'Yan wasan motsa jiki ma ai suna lanƙwasa jikinsu fiye da yadda za su yi a gaban alƙali."

"Su suka zaɓa. Kuma suna ganin gabansu."

"Ki je manyan gasa ki duba waɗanda ke cin kofi."

"Na duba. Na kuma duba nawa ne a cikinsu ke kai shekara goma da ƙafa huɗu."

"Wannan gaggawa ce ke kashe su, ba wuya ba. Kuma gaggawar laifin wa? Alƙalai ke ba ɗan shekara huɗu maki don ya yi rawar ɗan shekara takwas. Masu saye kuma ba sa son jin 'ku jira'. Ku kuna nan bayan ganuwa kuna yawon gona, duniya ta wuce."

"Ƙashin bayanta ma bai gama haɗuwa ba, Onno!"

"Ƙashin wa? Ni a kan dawaki nake magana, ban kama sunan kowa ba."

Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne shirun Papa. Da can in aka taɓo wannan zancen, sai ya buga tebur har kofuna su yi tsalle, ya ce wa Onno ɗan Holland mai hannun maƙera. Ranar kuwa idonsa na kan kek ɗin gabansa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana.

Na zaro igiyar na jefa a tsakiyar tebur. Ta ture kwanon sukari, duwatsun suka watse a kan mayafin.

"Wayyo Allah!" Mama ta dafe ƙirji. "Mene ne wannan a kan teburina?"

"Tambayi surukinki. A motarsa na samo. Ki je ki ga bakin Amsel, Mama. Na sakar mata igiya har ƙarshe, ta kasa ɗago kai. Goɗiyar da na bari tana miƙa wuya kamar mage a rana!"

Onno bai kalle ni ba. Papa ya kalla.

"Eilert," ya ce a hankali. "Yau Lahadi."

"Mun san Lahadi ce!" na daka masa tsawa. "Kalanda muka tambaye ka? Ka dube ni. Igiyar nan a motarka take ko ba a motarka take ba?"

"A motata take."

"Gashin Amsel ne a jiki ko ba nata ba ne?"

"Nata ne."

"Shi ya sa babu caji, ko? Wata da watanni babu caji!"

"Eilert," ya sake cewa. Wannan karon kamar roƙo.

"Kada ka sa Papa a ciki! Kana tsammanin zai rufa maka asiri? Mutumin da ya yi shekara arba'in bai taɓa taɓa wannan ƙazantar ba?"

Kunnuwan Onno suka yi ja. Ni kuma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na miƙa hannu na ɗauki cokalinsa, nasa fa, na tsoma a kofinsa da ko rabi bai sha ba. Mama ta ja numfashi da ƙarfi. A garinmu ko maƙiyinka ne ya zauna a teburinka ba ka yi masa haka, shi ke sa cokalinsa da kansa. Ban tsaya nan ba. Na murza zoben, ya ɗan maƙale a gaɓa, na fizge shi na sake shi a cikin kofin. Ya yi ƙil a jikin cokalin.

"Ka ƙoshi," na ce.

Ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fitila kamar kullum, ya mayar da kujerar wurinta.

"Na gode da shayi, Gesine."

A bakin ƙofa ya tsaya ya cire takalman cikin gida, ya jera su a gefe. Bai tafi da su ba. Muka ji motar ta tashi, ta bi ta kan gadar katako, ƙarar ta ɓace.

Mama ta fashe da kuka. "Kin kashe ni, Tomke. A watan Yuni fa! Ke ba ki san..." Sai ta toshe bakinta da gefen rigar girkinta.

Ni ina tsaye ina huci, ina jin kaina jaruma. Har na juya wurin Papa ina jiran ya ce 'yata ta yi daidai.

"A cire zoben nan daga shayi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na kakarsa ne."

Ya zaro hannun dama daga aljihu. Sai a lokacin na lura tun da na dawo ban ga hannun nan a waje ba. Ya miƙa shi wajen kofin Onno. Yatsun suna rawa. Ba rawar tsufa ko ta ɓacin rai ba, babban yatsa da manuni suna murza juna ba tsayawa, duk hannun yana kaɗawa har gwiwa. Ya kama kunnen kofin, kofin ya hau buga faranti, ƙar-ƙar-ƙar-ƙar, cokali na tsalle a ciki, shayi ya fantsama a kan farin mayafin. Ya sa hannun hagu ya danne na daman a kan tebur. Bai daina ba.

Na yi mutuwar tsaye.

Gemun. Riga mai zif. Cokali tun kafin kurɓar farko. Sai likkafa ta faɗo min a rai, na ji kamar an watsa min ruwan ƙanƙara. Sauke ta na yi. Da Onno ne ya hau sirdin nan, da ɗage ta zan yi huda biyar. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya fi ni gajerun ƙafafu.

"Papa," na ce. "A'a."

"Tun bara ya fara," ya ce, bai ɗago ba. "Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu."

"Mama, kin sani?"

"Hannun na sani," ta ce cikin kuka. "Ya ce kada a gaya miki sai an yi biki. So nake ya riƙe ki ya kai ki gaban fasto yana iya tsayuwa sosai, shi ya sa nake ta binki. Amma wannan abar," ta nuna igiyar, "na rantse ban san da ita ba. Eilert, kai? Kai?"

"Na hau ta ne kawai in ji yadda take," Papa ya ce. "Sau ɗaya. Tomke, shekara arba'in ina kiwo, ban taɓa samun irinta ba. Na ce in na shirya ta, a gasar ƙananan dawaki ta bazara in shiga fili da ita, ni da kaina, da dokin da aka haifa a bargata. Sau ɗaya kafin..." Ya kalli hannun. "Amma wannan yana kaɗa mata ƙarfe a baki. Ta dinga fizgar kai, tana miƙewa tsaye. Ba laifinta ba ne. Sai na ce bari in sa igiyar na kwana biyu, ta natsu."

"Kwana biyu?"

Bai ɗago ba.

"Kai ka ce min yaro ne ɗan shekara huɗu! Kai ka ce a ba doki shekara biyu, uku, ba ya ɓaci!"

Sai a nan ya ɗago ya dube ni. Idonsa ya kaɗa.

"Ita tana da shekara biyun. Ni ne ba ni da su."

Na nemi kujera na zauna. Ina son in yi masa ihu, ina son in rungume shi, na kasa ko ɗaya. Mutumin da na auna kowane namiji da shi, har na ga duk sun gaza.

"Onno fa?" na ce.

"Bai san ina hawa ba sai da sanyi ya yi nisa. Da sassafe nake yi. Da ya gani ya yi ta min magana, na ce ba ruwansa, gidana ne. Ranar Talata ya same ni a fili, ya kama linzamin ya ce in sauko. Ya kwance igiyar da hannunsa ya jefa a motarsa." Papa ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ɗan Holland. Ya ce ko a can ba a yi wa 'yar shekara huɗu haka. Na roƙe shi kada ya gaya miki. Ya ce ba zai faɗa ba, amma ya ba ni zuwa Lahadi in faɗa da bakina."

Yau Lahadi. Sau biyu ya kira sunan Papa a gabana, ni kuma ina tambayarsa kalanda.

"Kana zaune," na ce. "Kana kallo na cire zoben."

"Ina kallo."

"Ba ka ce komai ba."

"Na kasa, 'yata. Kina cewa shekara arba'in ban taɓa ba... na kasa."

Na haura sama a guje, ban ko cire takalman hawa ba, yashi har kan matakala. Na rufe ƙofa, rigar auren ta yi lilo a bayanta. Na kira shi, ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira. A karo na uku a kashe take. Na koma saƙo, yatsuna na kuskuren haruffa.

"Onno ka ɗauka."

"Papa ya faɗa min komai."

"Na ga hannun."

"Don Allah ka yi haƙuri. Ni jaka ce. Ka zage ni, ka yi min duk abin da kake so, amma ka ɗauka."

Babu alamar sun shiga. Na zauna a bakin gado da wayar a cinya. Ta taga ina hango Papa ya nufi barga, yana tafiya a hankali, hannun a waje yanzu tunda babu sauran wanda za a ɓoye wa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Amsel. Ta leƙo, ta gan shi, ta janye kanta ciki.

Rana ta kusa faɗuwa saƙonnin suka nuna an karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Sai ga shi.

"Ki sa mata zuma a gefen baki. Kada kowa ya hau ta wata guda, a bar ta a gona. Za ta dawo, yarinya ce."

Na rubuta, "Kai fa?"

Wannan karon bai daɗe ba.

"Amsel sai da kika sakar mata igiya har ƙarshe kika ga abin da za ta yi. Ni tambaya uku kika yi min, kuma duk kin riga kin amsa su."

Na karanta ya fi sau goma ina neman inda zan musa. Babu.

Na sauko ƙasa. Mama ta kwashe komai ta wanke, ta cire mayafin ta jiƙa, amma kofin Onno ta bari a tsakiyar tebur, ta kasa taɓa shi. Shayin ya huce, kirim ya yi fata a sama. Na tsoma yatsu na lalubo zoben, na goge shi a rigata, na sa a aljihu don ba ni da fuskar mayar da shi yatsa. Sannan na cire cokalin na ajiye a gefen faranti, na ɗauki hoton kofin na tura masa ba tare da ko kalma ɗaya ba. Duk ɗan garinmu ya san me kofi babu cokali yake nufi: mai shi bai ƙoshi ba, ana jiransa a tebur.

Ya gani nan take. Na tsaya a kicin ɗin ina kallon wayar, Mama na bayana tana leƙe ta kafaɗata, takalmansa na cikin gida na jere a bakin ƙofa inda ya bar su.

Amsar ta shigo.

"Ba ke za ki cire shi ba, Tomke. Mai kofi ke cirewa."